Citta Da Ganyen Lambun Bayan Gida

Akwai wata al'ada da ta shigo mana, wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Yanzu in baƙo ya sauka gidan mutum, kafin a ƙare gaisuwa an tura yaro kanti ya sayo lemon kwalba, maigida kuwa ya kan ga kamar in bai yi haka ba bai girmama baƙonsa ba. Mu dai a namu gani, ruwan citta da aka haɗa cikin gida ya fi wannan kwalba girmamawa, ya fi ta araha, ya kuma fi ta amfani ga jiki. Abin da mu ke roƙo shi ne kowane gida ya ware ɗan wuri, ko da taki uku ne, ya shuka kayan ƙanshinsa, ya kuma koyi yadda a ke ajiye su har shekara ta kewayo.

Bari mu fara da maganar lafiya. Kwalbar lemo mai santilita 35 yawanci ta kan ɗauki sukari kusan cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, cikin shekarar 2015, ta ba da shawara kada sukarin da baligi ke sha ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ma ya tsaya ga rabin haka ya fi. Watau kwalba guda ta cinye kashi uku cikin huɗu na rabon mutum tun bai taɓa kofin shayi ba. Abin har ya kai Gwamnatin Nijeriya, cikin dokar kuɗi ta 2021, ta ɗora harajin naira 10 bisa kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha. Amma wanda ya haɗa cittarsa da hannunsa, cokali na hannunsa, shi zai ce ga iyakar zaƙin da ya ke so. Citta kuma an daɗe da sanin tana kwantar da tashin zuciya, masu bincike sun gwada sun ga haka ne. Ba mu ce tana maganin kowace cuta ba, wanda ciwo ya kama sai ya tafi asibiti.

Citta fa ba baƙuwa ba ce gare mu. A ƙasashen Kachiya da Jaba da Kagarko, kudancin Jihar Kaduna, a ke noma mafi yawan cittar Nijeriya, ana tsaga ta a shanya, a ɗura buhu, a kai ta har ƙasashen Turai da na Larabawa, inda a ke yabonta saboda yajinta. Cikin daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin nan ta ruɓar da amfani mai yawan gaske, manoma suka yi hasara, citta ta yi tsadar da matan gida suka koma sayenta ɗan yatsa ɗan yatsa. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yatsan citta lafiyayye mai ido, in aka binne shi farkon damina cikin buhu ko tsohon daro mai huda a gindi, da ƙasa mai taki, aka ajiye shi inda rana ba ta dukansa yini zubur, bayan wata 8 ko 9 ganyensa zai bushe, a tone a sami na sha da na iri.

Haɗa ruwan ba wuya. A wanke ɗanyar citta, a kankare ɓawon, a daka ta a turmi da 'yan ƙwayoyin kanumfari, a zuba ruwa a bari ta jiƙa, sa'an nan a tace da rariya ko farin ƙyalle mai tsabta. Mai so ya ƙara ruwan tsamiya ko lemon tsami, ya jefa ganyen na'ana'a, ya sa zuma ko sukari kaɗan. Abu uku ne za a kiyaye. Ruwan ya zama tafasasshe ne da aka bari ya huce. A sha ran da aka yi, don in ya kwana cikin zafi ya kan yi tsami ya soma kumfa. Jariri kuma da bai cika shekara ba, kada a ba shi abin da aka sa wa zuma. In da busasshiyar citta za a yi, a rage yawanta, gama shanya ta kan ƙara mata yaji.

Wajen ajiya ne a ke gane gwani, domin saiwa da ganye ba shanya ɗaya su ke so ba. Citta rana ta ke so. A tsaga ta a tsaye, a baza bisa tabarma, ba a ƙasa ko bakin hanya ba, a riƙa juyawa har ta kai in an karya ta ta ce ƙas. Wadda aka ɗura da sauran danshi fumfuna za ta kama ta, wata fumfunar kuwa tana da dafin da ke lahanta hanta. Amma na'ana'a da ɗaɗɗoya da zogale inuwa su ke so, gama rana tana ƙone launinsu, ta kwashe ƙanshin, ta rage amfaninsu ga jiki. A tsinke su da hantsi bayan raɓa ta bushe, tun ba su fid da fure ba, a ɗaure ƙananan dammuna a rataye cikin zaure ko ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa. Da hunturu kwana kaɗan sun isa, sai dai a lulluɓe da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙura. In ganye ya marmashe tsakanin yatsu, ya yi. A zuba shi cikin busasshiyar kwalba mai murfi ba tare da an daka ba, a ajiye inda babu haske, a rubuta watan a jikinta, sai ran amfani a murje. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Iyayenmu mata da ke shanya kuka da kuɓewa da zoɓorodo tun kaka da kakanni sun riga mu saninsa.

Mun san za a ce babu fili, babu ruwa, babu sukuni. Na'ana'a dai a fasasshen tulu ma ta kan yi, can ma ya fi mata, don in an sake ta a fili sai ta mamaye lambu duka. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganyen miya da shi ya ishe ta. Wasu kuma za su ce kunya su ke ji su miƙa wa babban baƙo abin da aka daka a turmi. To, ina abin kunya ga mutum ya shayar da baƙonsa abin da ya shuka, ya san ruwan da aka yi da shi, ya san hannun da ya tace?

Saura mu da mu ke shirin fita koyarwa. Duk makarantar da aka tura ɗayanmu, ya roƙi kunya biyu cikin lambun makaranta, ɗaya ta citta ɗaya ta ganye, ya sa yara su shuka da hannunsu, su shanya, su ɗura. In kaka ta yi kowane yaro ya koma gida da yatsan iri da reshen na'ana'a ya kai wa uwarsa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.