Kariya a Tsakar Gida: Ado Ce, Amma Ki Kula da Yara

Uwargida, idan kariyarki ta zubar da ganye da hunturu, kada ki ɗauka ta mutu. Hutawa take yi, kuma da rani za ta cika da furanni masu ruwan hoda. A kaurin gindinta take ajiye ruwa, don haka ki dasa ta a ƙasa mai yashi, inda rana ke bugu. Sai ƙasar ta bushe ki ba ta ruwa, don yawansa ke ruɓar da saiwa.

Sai dai ruwan jikinta guba ne mai dagula bugun zuciya. Ki ɗora tukunyar inda mai rarrafe ba zai kai ba. Idan yaro ya tauna ganyenta, kada ki tsaya ba shi manja, ki garzaya asibiti da shi, haɗe da ganyen.

Ke a ina kika ajiye taki?