A Bar Mu Mu Je Kan Iyaka a Kan Keke



Sau biyu ke nan ana soke mana ziyarar buɗe ido ta ƙarshen zango, kuma dalilin bai canza ba: kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hayar bas ta fi ƙarfin aljihun iyayenmu. Ba mu ga laifin kowa ba. Amma mu 'yan aji biyu muna da shawara, kuma mun san wasu za su yi dariya. A bar mu mu tafi a kan keke.

Kafin a yi dariyar, a ji labarin Mamadou Safayou Barry. Ɗan ƙasar Gini ne, yana da shekara 25 lokacin da ya ƙudura sai ya yi karatu a Jami'ar Azhar da ke Masar, ga shi ba shi da kuɗin jirgi. A 2023 ya hau keke ya kama hanya. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin, ya bi ta Nijar maƙwabciyarmu, har ya isa Chadi, tafiyar kusan kilomita 4,000 cikin wata huɗu. A Chadi wani ɗan jarida ya yi hira da shi, mutane suka ji, suka haɗa masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira. Da ya isa a watan Satumba, jami'ar ta karɓe shi, ta kuma ɗauki nauyin karatunsa.

Da aka kawo labarin a taron kulob, wani malaminmu ya ce wannan ganganci ne. Yana da hujja, domin sau uku ana tsare Barry a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo, kuma ya bi ta wuraren da ake fama da 'yan bindiga. Mu ma ba mu ce a yi koyi da shi a nan ba. Shi baligi ne, shi ya zaɓar wa kansa. Abin da muka ɗauka kawai shi ne, idan keke ya kai mutum daga Gini zuwa Chadi, ba zai gaza kai mu daga Daura zuwa Kwangwalam ba.

Me ya sa sai kan iyaka? A darasi ana zana mana layi a allo, a ce nan Najeriya, can Nijar. An faɗa mana Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a farkon ƙarni na 20. Amma yawancinmu ba mu taɓa ganin wurin ba, alhali a ajinmu akwai waɗanda kakanninsu ke Matamaye ko Damagaram. Yaran can Hausa suke yi kamar mu, sai dai su ce lakwal inda muke cewa makaranta, su kira malami mushe, su yi ciniki da sefa. Muna so mu ji wannan da kunnenmu. Kuma a mota me ake gani? Kai dai ka ga bishiyoyi suna gudu, wani ya yi barci, wani ya yi amai. Mai keke kuwa yana iya tsayawa ya tambayi manomi wane irin gero ya shuka, ya ga inda yashi ya fara cin gona, ya ga bishiyar gawo da aka ce tana zubar da ganye da damina.

Ga yadda muke gani. A zaɓi ranar Asabar, a fita bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, a dawo kafin la'asar. Malamai biyu su raka mu, ɗaya a gaba ɗaya a baya a kan babur, da jarkar ruwa da akwatin magani. Kowa ya kawo takardar yardar iyaye. Makaranta ta rubuta wa jami'an shige da fice tun da wuri. In sun yarda mu taka zuwa Ɗan Barto, madalla. In sun ce a'a, mu tsaya ta ɓangarenmu, su yi mana bayanin aikinsu, mu juyo. In kuma jami'an tsaro suka ce hanya ba lafiya, a ɗage.

Maganar faci kada ta dami kowa. Akwai 'yan ajinmu uku da ke zama wajen mai faci bayan an tashi, sun iya cire taya, su nemo huji a ruwa, su goge, su shafa sholisho su liƙe. Famfo biyu da sifana sun isa. A duba birkin kowa ranar Juma'a, wanda yake taka birki da silifas ya gyara ko ya zauna a gida.

Abu biyu ne suka fi damun mu. Na farko, ba kowa ke da keke ba, kuma ba ma son tafiyar ta zama ta masu hali kaɗai. Muna roƙon yayyenmu na babbar sakandare su ara mana nasu na yini ɗaya. Na biyu, 'yan mata. Wasu sun iya keke sarai, amma an riga an fara cewa su zauna. Idan iyayensu sun yarda, malama ta raka su, wadda ta gaji ta hau bayan babur ɗin malama.

Mun liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Mai son zuwa ya sa sunansa da ajinsa, ya rubuta ko yana da keke ko babu. Ranar Alhamis za mu miƙa ta ga shugaban makaranta, kafin taron iyaye da malamai.