Jaruminmu Ya Sha Duka, Da Me Muka Yi Masa Magani?



Kwanan nan labaran faɗa sun yi yawa a alƙalumanmu, kuma abin farin ciki ne. Wani jaruminsa ɗan dambe ne, wani ɗan kokawa, wata kuma ta ɗauko budurwa mai koyon takwando. Muna da hujjar yin hakan. Dambe namu ne tun kaka da kakanni, har yau ana ambaton Shago saboda waƙar Ɗan Anace, kuma a 2016 Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a takwando a gasar Olamfik ta Riyo. Sai dai akwai wurin da kusan dukkanmu muke yin tuntuɓe, wato bayan an tashi daga fili.

Ga yadda muka saba rubutawa. Jarumi ya gurɗe a wajen atisaye, idon sawu ya kumbura. Inna ta ɗora ruwa a wuta, ta gasa masa ƙafar da tsumma, ta murza man zafi har yana ihu. Washegari ya miƙe garau ya kashe abokin karawarsa a turmin farko. Mun rubuta haka ne don haka muka taso muka gani. To amma a ra'ayinmu wannan sakaci ne, domin mai karatu yana ɗaukar darasi a labari ko da ba mu yi niyyar koyarwa ba. Yaron da ya karanta mu yau, gobe shi zai gasa targaɗen ƙaninsa.

Targaɗe rauni ne a jijiyoyin da suka ɗaure gaɓa, sun miƙe fiye da kima ko sun ɗan yage. Ƙananan hanyoyin jini sun fashe a ciki, shi ya kawo kumburi. Ruwan zafi da murza suna ƙara buɗe hanyoyin jinin, sai kumburin ya ƙaru. Don haka a kwana 2 zuwa 3 na farko sanyi ake so. A hutar da gaɓar. A naɗe ƙanƙara a tsumma, ko ledar fiya wata mai sanyi, a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa 2 ko 3. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. A ɗaure da bandeji daidai wa daida, a kwanta a ɗora ƙafar a kan matashin kai. Gashi da man zafi suna da ranarsu, amma sai kumburi ya fara saɓewa, sannan a soma motsa gaɓar a hankali. Ƙaramin targaɗe kan ɗauki mako 1 zuwa 2, babba kuwa ya kan kai mako 6 ko ya wuce.

Kwanciyar jini, wato inda naushi ya sauka wurin ya yi duhu ya yi tauri, ita ma sanyi ne maganinta na farko, kuma takan ɗauki kamar mako 2 kafin ta baje. Tsamin jiki daban ne. Shi ba ya zuwa nan take, sai an kwana ɗaya ko biyu yake tsananta, kuma a nan ne wankan ruwan ɗumi da tausa da ɗan tattaki suke da amfani. Marubucin da ya san bambancin ukun nan ba zai haɗa su a tukunya ɗaya ba.

Wani zai ce, to madori fa? Ba mu raina gadon kowa ba, kuma mun san a ƙauyuka da yawa shi ne mafi kusa. Amma ido ba mudu ba ne. Idan wanda ya ji ciwo ya kasa taka ƙafar ko taku huɗu, ko gaɓar ta karkace, ko yatsu suka yi sanyi suka daina ji, wannan maganar hoton ƙashi ce a asibiti. Ɗaurin da ya matse ya hana jini gudu yana iya ruɓar da hannu har a kai ga yankewa. Haka kuma wanda aka nausa a ka, ya suma, ko yake amai, ko yake magana ba kan gado, ko barci yake fizgarsa, ba a yayyafa masa ruwa a mayar da shi fili. Asibiti za a nufa da shi a daren.

Sai maganar ƙwayoyi. Farasitamol yana rage zafi idan an sha bisa ƙa'ida. Irin su ibuprofen da diclofenac suna iya cin ciki su taɓa ƙoda idan aka mayar da su abinci, musamman ga mai olsa. Tiramol kuwa mun ga abin da ya yi wa samarin unguwanninmu. Idan jaruminmu zai afa ƙwaya ya koma fili da ciwo, to mu nuna abin da ya biyo baya, kada mu yi masa kirari.

Za a iya cewa mu marubuta ne, ba likitoci ba, kuma labari zai yi sanyi idan jarumi ya kwanta mako uku. Mu dai muna ganin a kwanciyar nan labarin yake. Ɗan damben da ya saba ɗaure kara a hannu, yau ga shi ya kasa ɗaga butar alwala. Kalangu yana tashi a bayan gari, yana ji daga kan tabarma. Ubangidansa ya riga ya karɓi kuɗin wasa, 'yan ɓangarensu suna cewa tsoro ne, mahaifiyarsa tana roƙon ya bari haka nan. Zai jira ƙafar ta warke, ko zai fita ya nakasa kansa? Wannan babi ɗaya ya fi turmi goma na naushi riƙe mai karatu.

Aikinmu na wannan mako ke nan. Kowa ya duba rubutunsa, ya nemo inda wani ya ji ciwo, ya ga da me aka yi masa magani da kuma kwana nawa ya yi kafin ya miƙe. Wanda yake da ɗan dambe ko ma'aikacin jinya a kusa, ya zauna da shi ya yi tambaya kafin ya gyara. Ku ajiye mana sakin layin da kuka gyara a ƙasa mu tattauna.

Allah ya ƙara mana basira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in muna da rai.