Kafin Mu Ce a Cire wa Majinyaci Na'urar Numfashi



A watan jiya mun je duba wani ɗan uwanmu da ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman na wani asibiti a nan Legas. Ciwon huhu ne ya tsananta har aka sa masa na'urar taimaka wa numfashi. A kwana na uku wuyansa da ƙirjinsa suka kumbura, in ka taɓa fatar sai ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar leda, likitoci suka huda gefen haƙarƙarinsa suka zura roba. Nan take dangi suka ce na'urar ce za ta kashe shi, a cire ta a kai shi gida Arewa. Da ƙyar aka shawo kansu.

Maganarsu da ƙamshin gaskiya, don na'urar na iya ji wa huhu ciwo. Mai lafiya zuƙo iska yake yi, ita kuwa na'ura tura ta take yi da ƙarfi. Huhu cike yake da miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, kuma idan cuta ta cika wasu da ruwa, sai iskar ta taru a 'yan kaɗan ɗin da suka rage. Wata jakar kan fashe, iska ta tsere zuwa ƙarƙashin fata ko ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji ta danne huhun. Robar nan da ta tayar wa dangi hankali ita ce ke fitar da iskar don huhu ya sake buɗewa.

Likitoci sun san wannan haɗari. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000 ya kwatanta ba majinyaci iska mililita 12 a kan kowane kilo na nauyin jiki da ba shi mililita 6. Mace-mace sun sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa 31 a wajen waɗanda aka rage wa. Da tsawon mutum ake lissafa wannan nauyi, don haka in kun ga ana gwada tsawon majinyaci, ba likkafani ake auna masa ba.

Matsayarmu a ƙungiyance ita ce, wanda aka sa wa na'ura huhunsa ya riga ya gaza, kuma ɗaukarsa a mota daga Legas zuwa Kano a wannan hali ganganci ne. Abin da ke hannunmu shi ne bayani. Mu faɗa wa likita tun farko in mutum na da asma, ya taɓa yin tarin fuka, ko yana shan taba, domin irin wannan huhu ya fi saurin fashewa. Mutanenmu kan ɓoye maganar taba saboda kunya, alhali likita ba alƙali ba ne.

Sannan akwai matsalar harshe. Bayanin da aka yi wa dangin nan da Turanci aka yi shi, babu wanda ya fahimta. Daga yanzu, duk wanda aka kwantar da nasa ya sanar da shugabanni, za mu tura mai jin Turanci ko Yarabanci ya tsaya tare da mutum ɗaya da iyali suka wakilta.

Ɗan uwan namu yana nan a kwance har yanzu, muna barar addu'arku. Allah Ya ba shi lafiya, amin.