GISHIRI A KUSURWAR ƊAKI: WA YA YI SAMMUN?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani al'amari da na gani da idona a gidan hayar da muke zaune a Unguwar Lambu, nan cikin garin Keffi, a daminar da ta wuce.

Wata baiwar Allah 'yar aji uku ta shafe kusan mako uku tana fama da ciwon kai da kasala, ga munanan mafarkai da suka hana ta barci. Ana cikin haka sai ta ci karo da wata mata a TikTok, irin masu ba da laƙani ɗin nan, tana cewa duk mai irin waɗannan alamomi ya zuba gishiri a ƙananan kwanoni huɗu ya ajiye a kusurwoyin ɗaki, ya goge daɓe da ruwan gishiri, ya yi wanka da shi, sannan ya kurɓi kaɗan. Wai idan bayan kwana uku gishirin ya jiƙe, to ya zuƙo mugun abu ke nan, kuma wanda ya yi asirin na kusa ne. Yarinyar nan ta yi yadda aka ce. Ba a ma cika kwana ukun ba gishiri ya zama ruwa. Nan take zargi ya faɗa kan ƙawarta da suke girki a tukunya ɗaya tun suna aji ɗaya. Sai da zazzaɓi ya kwantar da ita aka kwashe ta zuwa asibiti, gwaji ya nuna taifod ne.

To jama'a, me ya narkar da gishirin? Ai Bahaushe ya riga ya ba da amsa tun kafin a gina ɗakin gwaje-gwaje, inda yake cewa gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Ɗabi'ar gishiri ce jawo danshi. Masana kimiyya sun tabbatar da cewa da zarar danshin iska ya haura kashi 75 cikin ɗari, gishiri zai fara shan ruwan da ke cikinta har ya narke. Wanda duk ya san Keffi a watan Agusta, lokacin da ko wanki ba ya bushewa, ya san kowane kwanon gishiri da aka bari a buɗe sai ya jiƙe, ko a ɗakin liman aka ajiye shi. A gwada wannan laƙani da hunturu mana a gani. Ko masu sammun hutu suke tafiya a watan Janairu?

Ba raina gishiri nake yi ba, kuma ban ga laifin kakanninmu da suka girmama shi ba. Mu 'yan Jihar Nasarawa ma mun fi kowa sanin darajarsa. Shekaru aru-aru matan Alago a Keana suke tace ƙasa mai gishiri suna dafa ruwan a tukwane, har ga bikin Oyarore da ake yi saboda shi. Gishirin Awe da na Azara ya jawo fatake daga ƙasar Hausa, kamar yadda ayarin raƙuma ke ratsa hamada zuwa Bilma don ɗauko kantu da beza. Abin da ke hana nama ruɓewa, ya hana fata wari, dole mutane su ɗauka yana iya korar ɓarnar da ido ba ya gani. Kuma ba mu kaɗai ba ne. 'Yan kokawar sumo a Japan suna watsa gishiri a fage kafin su kama, a cocin Katolika akan sa gishiri mai albarka a ruwan tsarki, littafin Sarakuna na biyu ma ya kawo labarin Elisha da ya zuba shi a maɓuɓɓugar Yariko.

Ta fuskar Musulunci kuwa, abin da masu wannan laƙani suka fi kafa hujja da shi shi ne ruwayar da ta ce kunama ta harbi Manzon Allah (SAW) yana salla, ya sa aka kawo ruwa da gishiri yana shafawa a wurin yana karanta Falaƙi da Nasi. A iya fahimtata, wannan jinyar harbi ce a jiki. Ina ruwanta da kwanoni huɗu, da kwana uku, da gano wanda ya yi asiri? Abin da muka taso muka ji a makarantar Islamiyya game da tsare gida shi ne karanta Suratul Baƙara, da Ayatul Kursiyyu, da azkar na safe da yamma. Hukuncin yayyafa gishiri na bar wa malamai, su ne masu fatawa. Amma shi zato, ko ɗan yaro ya san zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a ce danshin damina ne shaidarsa.

Wani abin kuma da ya fi tayar min da hankali shi ne wannan “kurɓi kaɗan” ɗin. Har mun manta da 2014? A ranar 20 ga Yuli na shekarar Patrick Sawyer ya sauka a Legas ɗauke da cutar Ebola. Zuwa asubahin 8 ga Agusta wayoyi sun ɗauki ruri a duk faɗin ƙasar nan, uwa na tashin 'ya'yanta, wa na kiran ƙani, kowa na cewa a yi maza a yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri a kuma sha kafin gari ya waye. Ina ƙaramin yaro a lokacin, amma ban manta raɗaɗin wankan nan a idona ba. Ministan lafiya na wancan lokaci, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata zancen, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce aƙalla mutum biyu sun rasu a Nijeriya sakamakon shan ruwan gishiri. Ita Ebolar gaba ɗayanta mutum 8 ta kashe a ƙasar nan kafin a ayyana kawar da ita ranar 20 ga Oktoba, kuma killace masu cutar da bin sawun waɗanda suka yi mu'amala da su ne ya kawar da ita. Hukumar nan dai ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da na cikin miya. Yanzu a ce dattijuwa mai hawan jini ko ciwon ƙoda ta samu wannan laƙani a waya daga jikarta, yaya ke nan?

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin addini na wannan jami'a, na Musulmi da na Kirista, da su sa wannan batu cikin wa'azinsu, musamman ga sababbin ɗalibai da ba su saba da zama nesa da gida ba. Ɗalibin da ya ji jikinsa ba daidai ba, ya yi addu'arsa, sannan ya tafi a auna jininsa tun ciwon bai kwantar da shi ba. Wanda kuma ya ce ransa ya fi kwanciya in ya goge ɗaki da ruwan gishiri, ni ba zan yi faɗa da shi ba, ko ba komai ɗaki ya sha shara da guga. Sharaɗina biyu ne, kada ya sha, kada kuma ya karanto sunan wani a cikin kwanon.

Ita dai mai taifod ta warke cikin kwana goma ta koma lacca. Ƙawar tata kuwa, da labari ya zaga gidan har 'yan mata suka daina karɓar abinci daga hannunta, ta tattara kayanta ta koma wata unguwa kafin jarrabawa. Har yau ba sa ga-maciji, kuma babu wanda ya je ya ba ta haƙuri, har da ni mai wannan rubutu.