Kafin Baba Ya Sayar da Shanun Huɗa

Hutun da ya wuce na je gida Jahun, na tarar ana ta shawara a zaure. Kawuna yana so ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya haɗa da kuɗin riɗi da na tumaki, ya ci bashin sauran, ya sayi tsohuwar tarakta Massey Ferguson 375, irin babbar nan mai ƙarfin doki 75. Duka gonarsa ba ta kai hekta uku ba, kuma a warwatse take wuri uku saboda rabon gado. Sai ya juyo ya ce mini, "Kai ɗan Poli, me ka gani?" Wallahi sai na yi tsuru-tsuru. Na san da yawanmu a nan Dutse za a yi wa wannan tambayar, gara mu shirya amsa.

Ra'ayina shi ne, ba girman tarakta ake dubawa ba. Gona ake fara tambaya, sannan bakanike, sannan aljihu. Dila shi ne na ƙarshe.

Mu fara da ƙasa. Sunan jihar tamu ma ya faɗa: jigawa, wato yashi. Gonar gero da riɗi a tudu ba ta buƙatar garma mai nitso. Haro da rija sun wadatar, kuma tarakta mai doki 25 zuwa 35 za ta ja ƙananansu. Idan ka yi ta birkice yashi da babbar garma, iskar bazara ce za ta kwashe maka albarkar ƙasar. Ga kuma bishiyoyin gawo da kuka da kututture a tsakiyar gona, ga iyaka a matse. Babbar tarakta kafin ta juya ta taka shukar maƙwabci, sai rigima a gaban mai unguwa.

Fadama kuma lissafinta daban. Mai noman shinkafa a ƙananan fangali ya fi dacewa da ƙaramin injin nan mai taya biyu da ake tuƙawa ana bin sa a ƙafa. Yawanci dokinsa bai wuce 15 ba, ba ya shan gas sosai, yana aiki a taɓo inda babba za ta kafe, kuma ana ɗaura masa ƙaramar tirela.

Sai bakanike. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba. Injin da ya tsaya kwana goma lokacin huɗa ya ci maka shekara. Don haka kafin a biya, a tambaya: wa ya iya gyaran wannan samfurin a Jahun, Aujara ko Dutse? Idan abu ya karye, ana samunsa a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko sai an yi oda? Kubota, Mahindra, Sonalika ko 'yar Sin, suna ba shi ne magana ba. Wadda kayan gyaranta ke kusa ita ce taka.

Sai aljihu. Tarakta da za ta yi aikin wata guda ta kwana wata goma sha ɗaya a ƙarƙashin darbejiya ba jari ba ce, ado ce. Dole ta yi huɗar haya, ta yi dakon taki da amfanin gona zuwa kasuwar Shuwarin, ta juya injin sussuka da kaka. In babu wannan tsarin, haya ta fi. Har kamfani aka kafa a Najeriya a 2014, Hello Tractor, don haɗa masu tarakta da manoma ta waya. Ko kuma mutum biyar su haɗa kuɗi, amma a rubuta wanda za a fara yi wa aiki, domin ranar da ruwa ya sauka kowa gonarsa yake so.

Wani zai ce, to ɗan boko yana so mu dawwama da shanu ke nan? A'a. Na san tsadar dusa da harawa, na san fargabar ɓarayi. Amma a tuna, sa yana ƙiba ya ƙara kuɗi, yana ba da taki. Ƙarfe kuwa kullum raguwa yake. Wanda zai bar na farko ya kama na biyu, ya yi da lissafi, kada kwaɗayi ya zama mabuɗin wahala.

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen injiniya, a nan aikinmu yake. Ƙauyukanmu sun fi ƙarancin masu gyara fiye da injina. Wanda ya iya wanke matatar iska lokacin ƙura, ya san sa'ar juyen baƙin mai, ya iya saita famfon gas, ba zai zauna jiran takardar ɗaukar aiki ba.

Kawu dai ya fasa. Bana haya zai yi, shanun suna nan a turke, ni kuma an ɗora mini nemo farashin ƙaramar.