Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi

Akwai hoton da kamfanonin yawon buɗe ido ke ƙawata tallansu da shi: giwa tana taku a kan farin rairayi, kurmi a bayanta, Tekun Atlantika a gabanta. Wurin shi ne gandun dajin Loango na ƙasar Gabon, inda ɓauna ke kiwo a bakin gaɓa, dorina kuma kan kutsa cikin ruwan gishiri. Masu talla suna kiransa aljannar ƙarshe da ta rage a Afirka. Ba na musun kyan wurin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wadda aka yanke daga hoton, wato manomiyar da giwa ta kwana a gonarta.

A shekarar 2002 marigayi Shugaba Omar Bongo ya keɓe gandun daji 13 a lokaci guda, kimanin kashi goma cikin ɗari na faɗin ƙasar. Duniya ta yaba, kuma yabon ya dace, domin giwar kurmi tana cikin halin ni-'yasu. Tsakanin 2004 da 2014 masu farautar haure sun hallaka fiye da 25,000 a gandun Minkebe kaɗai, kuma a 2021 ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Ƙidayar da aka fitar a wannan shekara ta nuna Gabon na da kimanin 95,000, fiye da rabin waɗanda suka rage a doron ƙasa. Ita ce kuma ke yaɗa irin manyan itatuwa ta cikin kashinta, don haka mutuwarta raunin kurmi ne. Dole a kare ta. To, amma wa ke biyan kuɗin kariyar?

Baƙo yakan kalli giwa na sa'a guda, ya ɗauki hoto, ya koma masauki a kawo masa abinci. Mutumin ƙauye kuwa da ita yake kwana, da ita yake tashi. Giwa ba ta san iyakar da aka zana a taswira ba. A dare ɗaya garke kan tattake rogo da ayabar da iyali suka yi shekara suna wa hidima. Yunwa ce ma ke ƙara tunkuɗo ta gona: wani bincike a gandun Lope ya gano cewa 'ya'yan itatuwan da take ci sun ragu da kashi 81 cikin ɗari tsakanin 1986 da 2018, abin da masana suka danganta da ɗumamar yanayi. Talakan da ko babur ba shi da shi ne ke biyan bashin hayaƙin da masana'antun wasu ƙasashe suka tura sama. In ya harbi giwar, doka ta kama shi. In ya ƙyale ta, yunwa ta kama 'ya'yansa. Ba banza ba mutanen Mekambo suka fito zanga-zanga a 2021 kan ɓarnar giwaye. Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da Yankari a Jihar Bauchi ya san sautin wannan kuka.

Za a ce mini ai yawon buɗe ido na kawo aikin yi. Gaskiya ne, akwai 'yan ƙasa masu tuƙa kwalekwale, da masu dafa abinci, da masu bin sawun goggon biri. Sai dai a lissafa: nawa ne daga kuɗin baƙo ke tsayawa a hannun kamfanin jirgin sama da dillalin da ke zaune a Turai, nawa ke isa ƙauyen da ke maƙwabtaka da dabbar? Albashin mutum goma ba ya cike rumbun gida ɗari. Wanda ya san kurmi kamar tafin hannunsa, wanda iliminsa ne ke kai baƙo gaban dabbar, shi ne a ƙasan jerin masu karɓa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Magani kuwa ba a ɓoye yake ba. Ruwanda tana ware kashi goma cikin ɗari na kuɗin shigar gandunanta don ayyukan al'ummomin da ke kewaye, kuma tun 2017 izinin ganin goggon biri a can dala 1,500 ne. A kewayen gandun Kakum na Ghana an koya wa manoma kewaye gona da tsummokaran da aka shafa wa barkono da baƙin mai, domin giwa ba ta jure warinsa. A Gabon ɗin kanta an fara kafa shingen lantarki mai aiki da hasken rana. Abin da ya rage shi ne a daina ɗaukar waɗannan a matsayin alfarma. Rabon kuɗi ya zama doka, a riƙa bayyana shi a fili. Diyyar gona ta iso kafin shuka ta gaba. Mutanen ƙauye su sami kujera a inda ake yanke shawara, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan magana ce ta adalci, kuma ita ce dabarar da za ta ceci giwar kanta. Masu gadin daji, komai yawan bindigoginsu, ba za su iya tsare kowace hanya ta kurmi ba. Mutumin ƙauye ne ke fara ganin sawun mai farautar haure. Ko ya kai rahoto ko ya kawar da kai, ya danganta ne da abin da giwa ta zame masa, arziki ko masifa. Don haka nake kira ga duk mai niyyar zuwa Loango, kafin ya biya ko kwabo, ya tambayi kamfanin: nawa ne rabon ƙauyen da ke bakin gandun? In amsa ta gagara, ya riƙe kuɗinsa.